Wa ya kashe direban?

Ina ɗan lise a Damagaram na sayi Le Crime de l'Orient-Express a hannun wani mai baza tsofaffin littattafai a bakin kasuwa, irin mai rawayan bangon nan na jerin Le Masque. Kwana biyu ban yi barcin kirki ba. Wanda bai karanta ba ya yi haƙuri, zan tona asiri: dusar ƙanƙara ta tsayar da jirgin ƙasa a Yugoslabiya, aka wayi gari da gawar wani mai suna Ratchett, an soke shi wuri goma sha biyu. A ƙarshe Poirot ya gano mutum goma sha biyu ne suka haɗa baki, kowa ya soka wuƙa sau ɗaya. Na rufe littafin ina jin kamar an cuce ni a ciniki. Tsohuwar gimbiya, da kanal na soja, da kuku, da direba, duk a tarago ɗaya, kuma babu wanda bakinsa ya suɓuce? A unguwarmu sirrin mutum uku ma ba ya kwana.

Na daɗe ina zaton ƙarancin Faransancina ne. Sai daga baya na gane wannan ƙorafi ya girmi mahaifina.

Tun kafin Agatha Christie ta fitar da littafin a 1934, marubuta labarin bincike sun san masu karatu na ƙorafi. A 1928 wani Ba'amurke, S. S. Van Dine, ya tsara dokoki ashirin. A 1929 Ronald Knox, limamin Katolika a Ingila, ya kawo nasa goma: a nuna mai laifi tun farkon labari, kada ɓoyayyar hanya ta wuce ɗaya, ban da gubar da ba a san ta ba, ban da tagwayen da ba a shirya wa mai karatu zuwansu ba. Amma ku duba, dokokin nan duk na wasa ne, kamar ƙa'idar dara. Suna hana marubuci maguɗi. Babu wadda ta tilasta masa ya sa mutanensa su yi abin da ɗan Adam zai yi.

Wanda ya taɓo inda ke mini ƙaiƙayi shi ne Raymond Chandler, a maƙalarsa The Simple Art of Murder ta 1944. Ya ɗauki The Red House Mystery na A. A. Milne, na 1922, ya feɗe shi har wutsiya. A labarin, maigida Mark Ablett ya yi shigar ɗan'uwansa da aka ce zai zo daga Ostireliya, sakatarensa ya harbe shi, kowa ya yarda gawar baƙon ce, aka shiga neman maigida. Chandler ya jero abubuwan da kowane ɗan sanda zai bincika: waye ya tabbatar da gawar, me likita ya gani a jikinta, me hukumomin Ostireliya suka sani game da baƙon. Da an yi ɗaya daga ciki, labarin ya rushe. Wato dole sai an mai da ƴan sanda wawaye kafin dabarar marubuci ta tsaya da ƙafarta. Jirgin Christie ma bai tsira daga bakinsa ba, abin da ya sanyaya mini rai ƙwarai.

To amma shi ma mai wa'azin yana da nasa. A The Big Sleep, littafinsa na 1939, an tsamo motar gidan Sternwood daga teku da gawar direbansu Owen Taylor a ciki. Lokacin da Howard Hawks ke shirya fim ɗin da ya fito a 1946, suka rasa gane wanda ya kashe shi, suka aika wa Chandler waya. Ya ce shi ma bai sani ba.

Na karanta littafin nan sau biyu ban lura da wannan rami ba, ni da na kama Christie tun ina yaro. Hankalina na kan tsohon Janar Sternwood, zaune a keken guragu cikin zafin ɗakin furanni, yana kallon Marlowe na shan abin da jikinsa ya daina ɗauka. Na yarda da wannan tsoho, shi ya sa ban tsaya ƙirga gawa ba. Su kuwa fasinjojin jirgin, har yau da lamba nake tuna su.