Ƙananan Ƙungiyoyin Wasan Kwaikwayo da Aikin Dariya a Ƙasar Hausa



Abin da nake so in nuna a wannan lacca shi ne, gajerun wasannin ban dariya da ƙananan ƙungiyoyi suka riƙa yi, ba don neman abinci ba, sun gaji wani tsohon aiki a ƙasar Hausa, wato faɗa wa na sama gaskiya ta hanyar da ba zai iya yin fushi a fili ba.

Tun kafin zuwan Turawa akwai 'yan kama, waɗanda kan kwaikwayi malamai, su mai da karatu kirarin tuwo da nama. A fada kuma akwai wasan gauta, inda mata kan kwaikwayi sarki da fadawansa. Haka nan idan azumi ya kwana goma, yara kan fita tashe, su tsokani gwauro da mai rowa.

Makarantun boko ne suka ɗauki wannan gado suka ɗora shi a kan dandamali. A 1930 aka buga wasanni shida na R. M. East. Malam Aminu Kano ya rubuta nasa tun yana ɗalibi a Kwalejin Kaduna, yana yi wa azzalumai da macuta shaguɓe. Abubakar Tunau ya biyo da Wasan Marafa a 1949.

Da aka buɗe gidan talabijin na Kaduna a 1962, sai 'yan wasa suka sami babban fage. Galibinsu malamai ne da akawuna da ƙananan ma'aikata, masu haɗuwa bayan an tashi daga aiki. Sukan tsara ƙashin labari kawai, kowa ya cika maganarsa da kansa. A irin wannan fage ne Usman Baba Pategi, tsohon soja, ya fito a matsayin Samanja, jama'a suka yi ta dariyar soja alhali soja ne ke mulki. Daga baya, a 1990, ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya, masana'antar finafinan Hausa ta kafu.

Sai dai da yake ba a rubuta yawancin wasannin nan ba, tarihinsu yana kawunan waɗanda suka yi su. Ƙasimu Yero ya rasu a 2017, Samanja a 2023. Saboda haka ya wajaba ɗalibai su nemi dattawan da suka rage, su ɗauki bayaninsu, ma'aikata kuwa su adana kasakasan da ke gidajen rediyo da talabijin.