Mutumin da ya ƙirga dabbobin Serengeti

Mai karatu, in kana da tsoho cikin Fulani ka tambaye shi bushiya. Annobar shanu ce da ta shigo Afirka ta Iritiriya a ƙarshen shekarun 1880, a jikin shanun sojojin Italiya, ta share garkuna har zuwa ƙasar Hausa. Abin da ba a cika faɗa mana ba shi ne ta kashe namun dawa ma, kuma a nan labarin Tony Sinclair ya shigo.

A 1965 ya fara zuwa dajin Serengeti na Tanzaniya, yana ɗalibin ilimin dabbobi a Jami'ar Oxford. Ya tarar ana mamakin yadda ɓauna ke ta ƙaruwa, haka ma wata dabba mai kama da gwanki da Suwahilawa ke kira nyumbu. Daga jirgin sama ake ɗaukar hoton garke, a zauna a ƙirga ɗaya bayan ɗaya. Aikin gajiya kam! Nyumbu wajen 250,000 ne a 1961, zuwa 1977 sun kusa miliyan 1.4.

Amsar tana cikin jininsu. Tsofaffin dabbobi na ɗauke da alamar sun taɓa kamuwa da bushiya, ƙanana kuwa babu. Ashe allurar rigakafin da aka yi wa shanun makiyaya a kewayen dajin ce ta yanke cutar. A da shanu ake zaton namun dawa na shafa wa, sai ga shi akasin haka ne.

Ni inda mutumin ya fi burge ni shi ne lokacin da aka fara kiran a rage nyumbu da bindiga, wai za su cinye dajin. Ya ce a bari a gani. Ganganci ne a idon mutane da yawa, domin da hasashensa ya kuskure, dajin ne zai biya. Da ciyawar rani ta gaza, yawan ya tsaya da kansa wajen miliyan 1.3.

Sauran kuma ya biyo baya. Nyumbu sun cinye ciyawar da gobara ke ci, gobarar daji ta ragu, ƙananan itatuwa suka samu tashi, raƙuman dawa suka samu abinci. Sinclair ya zama farfesa a Kanada amma ya yi ta komawa Serengeti kusan shekara 50. Bushiya kuwa, a 2011 aka shelanta an kawar da ita daga duniya.