Dokin Ƙarfe a Bakin Kanal: Keke da Hanyoyin Burji na Kura da Bunkure

A 'yan shekarun nan wani sabon yayi ya shigo wa masu sha'awar keke a Turai da Amurka, watau gudun kwalta da hayaniyar motoci, a koma hanyoyin tsakuwa na karkara. Abin ya fara ƙarfi ne a Amurka, inda a 2006 aka soma wani tsere na mil 200 a garin Emporia na jihar Kansas, har ta kai ga an yi gasar duniya ta farko ta wannan wasa a Italiya a 1922 da ɗari a kai, watau 2022. A yau a ƙasa irin Holan, mutum kan kashe kuɗi masu yawa ya sayi keke na musamman don kawai ya bi gefen magudanan ruwa a ƙauyukan bakin teku, ya sha iska. Mu da muka san Kura da Kadawa da Bunkure, jin wannan labari sai ya sa mu murmushi, domin fiye da shekara 50 ke nan manomanmu suna bin irin waɗannan hanyoyi safe da yamma, babu mai tafa musu, babu kuma wanda ya rubuta tarihinsu.

Bahaushe ya ce waiwaye adon tafiya, don haka bari mu fara da keken kansa. Siffar da muka san shi da ita, ƙafa biyu daidai wa daida da sarƙa mai juya ta baya, a Ingila aka fito da ita a 1885, sannan a 1888 Dunlop ya kawo taya mai iska. A wancan zamani kuwa yawancin hanyoyin duniya ƙasa ce da tsakuwa, ashe ke nan tun asali don burji aka ƙera keke. Zuwansa ƙasar Hausa ya biyo Turawan mulki da jirgin ƙasa, wanda ya iso Kano a 1911, kuɗin gyaɗa kuma suka yaɗa shi. Kakanninmu suka raɗa masa suna dokin ƙarfe, doki marar cin dawa. Da farko abin hawan malaman En'e ne da malaman makaranta da dillalan gyaɗa, har da lasin ake yanka masa. Sannu a hankali ya sauko hannun talaka, Raleigh ya zama abin alfaharin saurayi, har kamfanin ya buɗe masana'anta a Bompai ta nan Kano.

To, ina ya haɗu da kanal? Kafin aikin ruwa, ƙasar Kura da Bunkure ƙasar noman damina ce kamar sauran ƙasar Kano. Wanda ke da fadama shi ke lambu da jigo, saura kuwa da an gama kaka sai fatauci ko sana'ar hannu ko cin rani. Hanyoyin ƙauye ƙafa da kofaton jaki ne suka fitar da su, ga rairayi, ga karkata yadda ta ga dama. Da aka ƙirƙiro Jihar Kano a 1967, gwamnanta na farko, Kwamishinan 'Yan Sanda Audu Bako, ya ɗauki tare ruwa da muhimmanci. Aka gina madatsar Bagauda, wadda da ruwanta aka fara gwajin noman rani a Kadawa, sannan aka gina babbar madatsar Tiga a kan kogin Kano tsakanin 1971 da 1974, daidai lokacin da fari ya addabi ƙasashen Sahel. Kashin farko na shirin an tsara shi ne ya shayar da hekta 22,000, kuma daga baya kula da shi ya koma hannun Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are ta gwamnatin tarayya, wadda aka kafa a 1976.

Wani abin lura shi ne, masanan da suka yi nazarin shirin, na kamfanin NEDECO, mutanen Holan ne, ƙasar da ta yi suna da abu biyu: sarrafa ruwa da hawan keke. Ba keke ne a gabansu ba sa'ad da suke zana taswira, amma ƙa'idar aikin ruwa ita ta yi wa keke gata. Ruwan Tiga da ƙafarsa yake gangarowa ba tare da inji ba, daga babban kanal zuwa rassa, daga rassa zuwa ƙananan magudanai har bakin gona. Dole ke nan kanal ya tafi da gangara kaɗan ƙwarai, kada ruwa ya yi gudu ya ci gaɓa, kada kuma ya kwanta. A gefen manyan magudanan aka shimfiɗa hanyar burji domin ma'aikata masu duba ƙofofin ruwa. Sai ga hanya miƙaƙƙiya, tsandauri, babu hawa babu gangara, irin wadda mai keke ke mafarki.

Manomi kuwa yana da dalilin hawanta. Da aka baje filaye aka daidaita su, sai aka sake raba gonaki bayan an cire abin da kanal da hanya suka ci, noma kuma ya koma aikin da ke bin lokaci. Ruwa na zuwa ne bi da bi. Wanda ya makara ranar ruwansa, shukarsa ce za ta ji a jikinta. Taki buhu ne mai kilo 50 da sai an ɗauko daga nesa. Tumatir kuma ba ya jiran kowa, in an tsinke shi da safe tilas ya kai bakin titin Zariya kafin rana ta yi masa illa, inda motocin Kudu ke jira a wurare irin su Kwanar Gafan. Jaki na da ƙarfi amma ba ya sauri, mota na da sauri amma ba ta kowa ba ce. A tsakaninsu keke ya sami gurbi: kwando a kariya, fartanya a ɗaure a jikin ƙarfe, yaro a gaba. In kaya ya yi nauyi, mai shi ya sauka ya tura. Raina kama ka ga gayya.

Ba za mu ɓoye ba, wannan ci gaba ya zo da nasa ciwon. Ruwan Tiga ya tashi dubban mutane daga gidajensu da gonakinsu na gado. Binciken da Tina Wallace ta yi a yankin cikin shekarun 1970 ya nuna yadda masu hali, ciki har da 'yan birni, suka fi ƙaramin manomi cin moriyar tarakta da taki da hayar gonaki. Haka nan littafin The Wheat Trap na Gunilla Andrae da Björn Beckman, wanda ya fito a 1985, ya yi bayanin yadda burin ci da birane da burodin alkamar gida ya sa aka narka dukiya a manyan ayyukan ruwa. A bakin kanal ana iya karanta wannan bambanci da ido: mai mota ya wuce ya bar ƙura, mai keke ya rufe hanci da rawani ya ci gaba da taka feda.

Shekarun 1980 sun gwada kowa. Tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya darajar naira, sabon keke ya fi ƙarfin mutane da yawa, sai darajar masu gyara ta ɗaukaka. A gindin bishiya, da kwanon ruwa da famfo da gam ɗin faci, suka riƙa raya kekunan da suka girmi masu hawansu. A 1987 gwamnatin Janar Babangida ta hana shigo da alkama, Kadawa ta cika da masu neman gona a hunturu, kafin a janye hanin a farkon shekarun 1990. Kekunan Phoenix na ƙasar Sin sun shigo sun yi gogayya da Raleigh, bayansu kuma baburan Sin masu sauƙin kuɗi, irin su Jincheng, suka zo suka kusa ture keke gefe. A wannan tsakani magudanai da yawa suka cushe da laka da kacalla, hanyoyin gefensu suka zaizaye, har sai da aka shigar da yankin cikin shirin gyaran ayyukan noman rani na TRIMING, wanda Bankin Duniya ya amince da shi a 2014. Da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, mutane da dama suka jingine babur suka kakkaɓe ƙurar tsohon keke. Da tsohuwar zuma ake magani.

'Yan uwa marubuta, a nan ne zancen ya shafe mu. Littattafanmu cike suke da marsandi da gidajen bene da filin jirgin sama, alhali kimanin kilomita 30 kacal daga Kano akwai duniya guda da alƙalaminmu bai taɓa ba. Sunan madatsa da na gwamna suna cikin takardun hukuma, ba za su ɓace ba. Amma wa zai adana labarin tsohon da aka tasa daga garinsu saboda ruwan Tiga, ko leburan da ya haƙa kanal, ko mai facin da ya san kowane keke na ƙauyensu da muryar ƙararrawarsa? Waɗanda suka ga farkon aikin da idonsu yanzu sun haura shekara 70, kullum kuma raguwa suke yi.

Shawararmu ita ce, mai son rubuta wannan tarihi ya bar mota a Kura ya ari keke. Ya fita da sanyin safiya a cikin hunturu, lokacin da alkama ta yi kore shar, balbelu na bin masu ban ruwa. Tafiyar keke tana ba da damar yin sallama, sallama kuma ita ke buɗe hira. Ya tafi da littafi da biro, ya nemi izini kafin ya rubuta, ya tambayi shekara da wuri da farashi, ya kuma gwada maganar wani da ta wani. Allah Ya ba mu ikon yi tun masu labarin suna raye, amin.