Jadawalin ƙwarewa: yadda ake auna abin da ɗalibi ya iya a karatun intanet

Jadawalin ƙwarewa, wanda ake kira « grille de compétences » da Faransanci, tsari ne na rubuta abubuwan da ake son ɗalibi ya iya yi, tare da matakin da ya kai a kowanne. A gefe ana jera ƙwarewar ɗaya bayan ɗaya, a sama kuma matakai, daga na mafari zuwa na gwani. Kowane gida yana ɗauke da jimla guda mai bayyana aikin da za a iya gani da ido.

Bambancinsa da maki

Maki 12 bisa 20 ba ya faɗa wa uba ko mai ɗaukar ma'aikata abin da yaro ya iya. Ɗalibi zai iya samun 10 a lissafi alhali bai iya rabawa ba, saboda tarawa da ɗebewa sun rufa masa asiri. Jadawalin kuwa yana nuna gurbin a fili, malami ya san inda zai koma.

Misalin da aka fi sani

Shi ne ma'aunin harsuna na Majalisar Turai, CECRL, da aka wallafa a 2001. Yana da matakai 6: A1, A2, B1, B2, C1 da C2. Yana duba sauraro, karatu, hira, jawabi da rubutu daban-daban, don haka mutum zai iya kai B2 a karatu yana A2 a hira. Da shi aka daidaita matakan jarrabawar DELF da DALF ta Faransanci.

Yadda yake aiki a Moodle

Moodle manhaja ce ta kyauta da makarantu ke koyarwa da ita ta intanet. Ɗan Ostireliya Martin Dougiamas ya fitar da ita a 2002, kuma an saka mata sashen ƙwarewa a 2016, cikin fitowa ta 3.1.

Da farko hukumar makaranta tana shigar da jerin ƙwarewar da ma'aunin matakai. Malami sai ya ɗaure kowace ƙwarewa da darasi ko aikin da ke gwada ta. Idan ɗalibi ya kammala aikin, manhajar tana bin zaɓin malami: ta bar abin yadda yake, ta ajiye aikin a matsayin shaida, ta tura wa malami ya duba, ko ta rubuta cewa an cimma ƙwarewar. Ɗalibi yana da nasa shirin karatu inda yake ganin abin da ya samu da abin da ya rage, kuma zai iya ɗora shaidar abin da ya koya a wani wuri, kamar takardar horon sana'a.

Inda ake tuntuɓe

Zaɓi na ƙarshe shi ne mai haɗari. Aika aiki ba shi ne iya shi ba. Idan na'ura ce ke yanke hukunci ita kaɗai, jadawalin zai cika da alamun nasara marasa tushe. Haka kuma jimla irin « ya fahimci darasi » ba ta aunuwa. Gara a rubuta « yana iya rubuta takardar neman aiki mai shafi ɗaya ». Jadawali mai gidaje da yawa ma yakan gagari malami mai cikakken aji.

Akwai kuma matsalar wuta da tsadar intanet. Manhajar Moodle ta salula tana ba da damar sauke darussa a karanta ba tare da layi ba, amma tura aiki ga malami sai an samu layi. Don haka kafin mutum ya biya kuɗin wani horo ta intanet, yana da kyau ya nemi ganin jadawalin, ya kuma tambayi wanda ke tabbatar da kowane mataki, malami ko na'ura.