Tauraron Ma'auni da Matsalar Auna Aikin Kuromosfiya daga Taskokin Bakan Haske

Tsakure

Maƙalar ta duba yadda ake dogara da taskokin bakan hasken taurari wajen auna aikin maganaɗisu a kuromosfiya. Ta nuna cewa babban raunin hanyar yana tattare da taurarin da ake ɗauka a matsayin ma'auni, domin su ma ba a kwance suke ba.

Gabatarwa

In aka warwatsa hasken tauraro irin Rana, za a ga baƙaƙen layuka biyu masu faɗi na sinadarin kalsiyam, layin K a 3934 Å da layin H a 3968 Å. A tsakiyar kowannensu wani siririn haske kan sake tsirowa. Daga kuromosfiya yake fitowa, wato shimfiɗar iskar gas da ke bisa fuskar tauraro, inda zafi ke sake hawa bayan ya sauka. Gwargwadon ƙarfin maganaɗisu, gwargwadon tsiron. Olin Wilson ya fara bibiyar wannan tsiro a Dutsen Wilson na Kalifoniya a 1966. Daga aikin ne aka sami ma'aunin S, mai kwatanta hasken da ya ratsa taga mai faɗin 1.09 Å a kan kowane layi da na wasu tagogi biyu masu faɗin 20 Å a gefe.

Hanyar ragewa

Ma'aunin S yana gauraya hasken kuromosfiya da na fuskar tauraro. Don a raba su, sai a zaɓo daga taska wani tauraro mai zafi da ƙarfin jan nauyi daidai da wanda ake nazari, amma wanda ake ganin ba ya aiki. A faɗaɗa layukansa su dace da saurin juyawar wanda ake nazari, a daidaita su, sannan a rage. Abin da ya saura shi ne rabon kuromosfiya. Saboda irin wannan aiki Montes da abokan aikinsa na Jami'ar Complutense ta Madrid suka fitar da taskarsu a 1997.

Tattaunawa

Ba kowace taska ce ta dace ba. MILES, wadda aka tattara a La Palma aka wallafa a 2006, tana da taurari 985, amma kaifin rarrabewarta kusan 2.5 Å ne, ya ninka tagar Wilson. Tsiron sai ya narke cikin duhun layin. Kuma ta tsaya a 7500 Å, ba ta kai layukan kalsiyam uku na 8498 da 8542 da 8662 Å ba, waɗanda kumbon Gaia ya riƙa aunawa har zuwa 2025.

Matsalar lokaci ta fi wannan tsanani, ga shi ba a cika kula da ita ba. Taska takan adana hasken dare ɗaya, alhali aikin Rana kanta yana hawa da sauka cikin kimanin shekara 11. Baliunas da abokan aikinta sun nuna a 1995, daga taurari 111, cewa wasu suna zagaye irin na Rana, wasu suna sauyawa barkatai, wasu kuma kusan ba sa motsi. Tauraron da aka ɗauka a ƙolin zagayensa zai sa a rage fiye da kima, har sakamako ya faɗi ƙasa da sifili. Hatta mafi lafawa ba ya rasa ɗan tsiro na tushe, kamar yadda Schrijver ya bayyana a 1987. Ke nan abin da ragewa ke bayarwa rara ce bisa wani tauraro a wani dare. A ganinmu, duk tauraron da ba a rubuta ranar ɗaukarsa da ƙimar S tasa ta lokacin ba, bai kamata ya shiga jerin ma'auni ba.