Gidauniyar UBports: Yadda Masu Aikin Sa-kai Suka Ɗauki Manhajar Wayar da Kamfani Ya Ajiye

Ranar 5 ga Afrilu, 2017, Mark Shuttleworth, mai kamfanin Canonical, ya sanar da cewa kamfaninsa ya daina zuba kuɗi a kan Ubuntu Touch, babbar manhajar da ya shafe fiye da shekara huɗu yana ginawa domin wayoyin hannu. Hujjarsa ita ce kasuwa ba ta karɓi abin ba. Ba a jima ba aka sallami ma'aikata da dama. Mutanen da suka sayi wayoyin a Turai suka wayi gari riƙe da na'urar da babu mai sake kula da ita. Yadda aka saba a kasuwar waya, a nan labari yake ƙarewa: kamfani ya janye, manhaja ta tsufa, waya ta koma durowa. Wannan karon ba haka aka yi ba. Ubuntu Touch tana raye har yau, ana sabunta ta, kuma shekarun da ta yi a hannun masu aikin sa-kai sun zarce waɗanda ta yi a hannun kamfanin da ya ƙirƙiro ta.

Shuttleworth ɗan Afirka ta Kudu ne. Ya sayar da kamfaninsa na tsaron intanet, Thawte, ga VeriSign a 1999 a kan kimanin dala miliyan 575, ya biya kuɗin tafiya sararin samaniya a kumbon Rasha a 2002, sannan a 2004 ya kafa Canonical. A watan Oktoba na wannan shekarar aka fitar da Ubuntu, babbar manhajar kwamfuta kyauta da aka gina a kan Debian da Linux. Babbar manhaja ita ce wadda take tafiyar da na'ura gaba ɗaya, kamar Android ko Windows. Sauran manhajoji, irin su WhatsApp, a kanta suke zama. Abin da ya raba Ubuntu da Windows shi ne rubutunta na asali a buɗe yake. Lasisinta ya ba kowa damar karanta shi, gyara shi, da rarraba gyaran. A lokacin, masu sayen waya kaɗan ne suka damu da wannan sharaɗi, amma shi ne ya ceci aikin daga baya.

Ranar 2 ga Janairu, 2013, Shuttleworth ya nuna wa duniya Ubuntu ta waya. Burinsa babba ne: wayar da za ka riƙe a aljihu, in ka iso ofis ka haɗa ta da babban allo da madannai, ta zama cikakkiyar kwamfuta. A watan Yuli ya buɗe asusun neman gudunmawar dala miliyan 32 don ƙera waya mai suna Ubuntu Edge. An tara dala miliyan 12.8 cikin wata guda, kuɗi mai yawa amma bai kai rabin abin da ake nema ba, don haka aka mayar wa kowa kuɗinsa. Sai a Fabrairun 2015 waya ta farko ta fito, Aquaris E4.5 ta kamfanin BQ na Sifaniya, sannan Meizu na ƙasar Sin ya biyo da MX4 da Pro 5. Wayoyin sun burge masana, amma talaka bai ga dalilin barin Android ba, tunda manhajojin da ya saba da su ba sa ciki.

A daidai wannan lokaci, a 2015, wani matashi ɗan Norway mai suna Marius Gripsgard ya fara wani ɗan aiki da ya kira UBports. Manufarsa ba ta wuce ɗora Ubuntu Touch a kan wayoyin da Canonical bai kula da su ba, irin su OnePlus One da Fairphone 2. Aiki ne mai cin rai. Kowace waya da irin kayan cikinta, kuma sai an yi ta gwaji kafin kyamara ta ɗauki hoto, lasifika ta yi magana, layi ya kama sabis. Wasu masu sha'awa suka taru a gefensa suna taya shi, ba albashi, ba ofis. A ganina wannan shi ne mabuɗin labarin duka. Ranar da Canonical ya janye, akwai mutanen da suka riga suka yi shekara biyu hannunsu na cikin aikin, sun san inda yake ciwo. Da a ranar ne za a fara neman wanda zai koya, da an makara.

Don a ga bambanci, ga abin da ya faru da Firefox OS, babbar manhajar waya ta Mozilla, wadda ta zo har ƙofarmu. A 2015 kamfanin Orange ya sanar da wata waya mai rahusa, Klif, da ke aiki da wannan manhaja, kuma Nijar na cikin ƙasashen da aka lissafa za a sayar da ita. Mozilla ta dakatar da aikin a 2016. Shi ma rubutunsa a buɗe yake, an kuma yi yunƙurin ci gaba da shi ta hanyar sa-kai, amma yunƙurin bai yi ƙarko ba. Wani kamfani ne ya ɗauki rubutun ya gina KaiOS, wadda ta shigo Nijeriya a 2019 cikin ƙananan wayoyi masu madannai na MTN da Tecno. Buɗaɗɗen lasisi yana ba da izini ne kawai; sai an sami masu ɗaukar nauyin kafin izinin ya yi amfani.

Nauyin da UBports ta gada kuwa ba ƙarami ba ne. Wayar zamani ba ta rayuwa ita kaɗai. Akwai manyan kwamfutoci a wani wuri da suke aiko mata da sabuntawa, suke sanar da ita cewa saƙo ya shigo, suke ajiye manhajojin da mai ita zai sauke. Duk waɗannan na Canonical ne, kuma za a kashe su. Dole masu sa-kai suka kafa nasu. Shagon manhajoji na kamfanin ya rufe a ƙarshen 2017, sai OpenStore, wanda da ma wasu daga cikin jama'ar suka buɗe a gefe, ya maye gurbinsa. Ga kuma matsalar tushe: wayoyin suna tafiya ne a kan Ubuntu ta 15.04, wadda wa'adin kula da ita ya riga ya ƙare. Sai a Agustan 2018, da sabuntawar da suka kira OTA-4, suka iya ɗaga ginin zuwa 16.04. Bayan wata biyu suka maye tsohuwar manhajar shiga intanet da sabuwa mai suna Morph. Mai waya ba zai ga wani ado a cikin waɗannan ba, shi ya sa irin wannan aiki ba ya samun tafi. Amma ba don shi ba, da wayoyin sun zama ƙofa a buɗe ga ɓarayin bayanai. Ya kamata kuma a yi wa Canonical adalci: ya bar su su ci gaba da amfani da sunan Ubuntu Touch, alhali yana da ikon hanawa.

Daga nan sai tambayar da ke kashe ƙungiyoyi da yawa ta taso: kuɗin gudunmawa a asusun wa zai shiga, kuma in wanda ya fara ya gaji ko ya sami wani aiki, wa ke da iko? Aikin gayya yana gama noman gona a yini guda, amma ba ya riƙe gona shekara da shekaru sai an san mai kula da ita. Amsar da suka bayar ita ce kafa gidauniya a ƙarƙashin dokar Jamus, mai mazauni a Berlin, wadda hukuma ta amince da ita a 2019 bayan doguwar bin takardu. Gidauniya irin wannan ba ta da masu hannun jari, ba a sayar da ita, kuma dukiyarta a ɗaure take da manufar da aka rubuta ranar kafa ta. Akwai kwamitin gudanarwa, akwai na amintattu da ke sa masa ido. Da gudunmawar da mutane ke bayarwa wata-wata da tallafin wasu ƙananan kamfanoni aka iya biyan 'yan ma'aikata kaɗan, sauran kuwa suna yi ne bayan sun tashi daga wuraren aikinsu. Ina ganin wannan mataki ya fi kowace fasaha da suka ƙirƙira muhimmanci, domin shi ya fitar da aikin daga hannun mutum ɗaya, ko da mutumin kirki ne.

Bayan haka abubuwa suka soma tafiya da sauri. Tun 2017 suka haɗa kai da wasu ƙungiyoyi a kan Halium, wata gada da ke ba Linux damar amfani da ƙananan manhajojin Android masu sarrafa kyamara da rediyon waya, abin da ya sauƙaƙa ƙara sababbin wayoyi. A Fabrairun 2020 suka canza sunan fuskar manhajar daga Unity8 zuwa Lomiri, don kauce wa rikicin suna da kuma ba wasu rassan Linux damar ɗaukarta. Wani mai suna Mike Gabriel ya yi aikin shigar da ita cikin Debian. A Afrilun shekarar kamfanin Pine64 ya fara karɓar odar PinePhone mai ɗauke da Ubuntu Touch a kan kusan dala 150, yana ba gidauniyar dala 10 a kan kowace waya. Kamfanin Volla na Jamus shi ma ya fara sayar da wayoyi da manhajar a ciki. A Maris 2023 suka koma tushen 20.04, ƙaurar da ta ci su shekaru saboda sai da aka sauya har manhajar da ke tayar da waya in an kunna ta. A 2025 suka fitar da wadda aka gina a kan 24.04.

Ba su kaɗai suka bi wannan hanya ba. Da Oracle ya rufe OpenSolaris a 2010, illumos ta tashi. Da kamfanin Cyanogen ya durƙushe a Disambar 2016, LineageOS ta ɗauki aikin cikin kwanaki, kuma masu gyaran waya da yawa sun san ta. Da aka sauya alƙiblar CentOS a Disambar 2020, Rocky Linux da AlmaLinux suka fito a 2021.

Sai dai kada a yaudari mai karatu. Ubuntu Touch ba ta kai ta maye wa ɗan kasuwa Android ba. Babu WhatsApp nata na kanta, babu manhajojin banki da muke tura kuɗi da su kullum. Akwai wata dabara mai suna Waydroid da ke ba manhajojin Android damar gudana a ciki, amma tana cin batir, kuma ba kowace manhaja ke yarda ba. Wayoyin da aka fi kula da su su ne irin Fairphone, Volla, Pixel, OnePlus da wasu na Xiaomi. Tecno, Infinix da itel, waɗanda suka cika hannun jama'armu, ba su cikin waɗanda aikin ya fi mayar da hankali a kansu. Dalilin a fili yake: mai sa-kai yana gyara wayar da ke hannunsa ne, kuma yawancin masu aikin a Turai suke. Ƙari a kan haka, sai kamfani ya saki rubutun tushen wayarsa ya kuma bari a buɗe makullinta kafin a iya ɗora mata wata manhaja.

Wannan giɓin ne ya sa na ga labarin ya shafe mu. A nan GRA ta Katsina, kamar sauran unguwanni, gidaje da yawa na da wayoyin da allonsu lafiya, batirinsu da sauran ƙarfi, an ajiye su ne kawai don sun daina karɓar sabuntawa ko sun yi nauyi. A gefe guda kuma muna da matasa a shagunan gyaran waya, daga cikin garin Katsina har kasuwar Farm Centre ta Kano, da suke yi wa waya filashin kullum, suna buɗe makulli, suna sanin kayan cikin Tecno fiye da duk wani injiniya na Berlin. Muna da ɗaliban kwamfuta a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua, da Al-Qalam, da Kwalejin Hassan Usman Katsina, da Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, waɗanda kowace shekara suke neman aikin kammala karatu. Mai gyara ya san ƙarfe, ɗalibi ya san rubutun manhaja, amma da wuya su zauna a teburi ɗaya. Gripsgard bai fara da abin da ya wuce wannan ba: waya guda, kwamfuta guda, da haƙuri.

Akwai kuma aikin da ba ya buƙatar sanin rubutun manhaja ko kaɗan. Fassarar Ubuntu Touch zuwa harsuna daban-daban masu sa-kai ne suke yin ta, kuma ƙofar a buɗe take ga duk mai iya harshensa. Malamin Hausa da ya san inda ake sa ƙugiya a ƙ da ɗ da ɓ zai iya ba da gudunmawar da injiniya ba zai iya ba. Haka nan mai gwada manhaja ya rubuta inda ta sami matsala a layukanmu da irin hasken lantarkinmu.

Kirana ga shugabannin sassan kwamfuta na waɗannan makarantu shi ne su karɓi ɗora buɗaɗɗiyar manhaja a kan wata waya da jama'armu ke amfani da ita a matsayin aikin kammala karatu, su kuma haɗa ɗalibin da mai gyaran waya na cikin gari. Wanda kuma yake da tsohuwar waya a gida, ya duba ko tana cikin jerin waɗanda UBports ko LineageOS ke kula da su. In ba zai yi amfani da ita ba, ya kwashe bayanansa ya miƙa wa ɗalibin da zai koyi aiki a kanta.