Sitaci da sukari a hanji: yadda ruwan gishiri da sukari ke ceton rai

Kabohaidiret shi ne sunan da masana suka ba rukunin abincin da ya ƙunshi sitaci, sukari da dusar da ciki ba ya narkarwa. Tuwon masara, shinkafa da gero, da abincin da muka saba da shi a nan kudu irin su teba, amala da sakwara, duk sitaci ne. Shi kuwa sitaci ƙwayoyin sukari ne masu suna gulukos da aka jera kamar carbi, kuma sai an tsinke carbin nan ɗaya-ɗaya kafin jiki ya amfana.

Yadda ake narkar da shi

Aikin yana farawa tun a baki. Yawu na ɗauke da sinadarin amilas, shi ya sa idan ka daɗe kana tauna burodi za ka ji ya soma zaƙi. A ƙaramin hanji, wani amilas daga fankiriyas, gaɓar da ke bayan tumbi, yana ci gaba da yankan sitacin, sannan sinadaran da ke bangon hanji su ƙarasa. Sukarin shayi yana rabewa ya ba da gulukos da furuktos, na madara kuma gulukos da galaktos. Waɗannan ukun ne ke shiga jini. Sukarin da bai narke ba yana janyo ruwa cikin hanji, ƙwayoyin halittar babban hanji kuma su ruɓar da shi. Daga nan ne kumburin ciki, iska da zawo ke tasowa.

Ƙofa ɗaya, baƙi biyu

A 1960 wani masani ɗan Amurka, Robert Crane, ya bayyana cewa gulukos ba ya ratsa bangon hanji shi kaɗai, tare yake shiga da sodiyam, sinadarin da ke cikin gishiri, ruwa kuma ya bi bayansu. Abin da ya fi muhimmanci, ko kwalara ba ta rufe wannan ƙofa. To, a kan wannan aka gina ruwan gishiri da sukari, wato ORS.

A 1971, lokacin yaƙin Bangaladash, ruwan da ake ƙara wa marasa lafiya ta jijiya ya yi ƙaranci a sansanin 'yan gudun hijira na Bangaon a Indiya. Dakta Dilip Mahalanabis ya koma bai wa masu kwalara wannan haɗi ta baki, mace-mace suka sauka daga kusan kashi 30 cikin 100 zuwa ƙasa da kashi 4. A Najeriya, Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, ministan lafiya daga 1985 zuwa 1992, ya yaɗa shi a ƙananan asibitoci. Har yau shi ne matakin farko, kamar a ɓarkewar kwalarar da aka yi a Legas a daminar 2024.

Ma'auni shi ne maganin

Haɗin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi na lita 1 yana da gulukos giram 13.5 da gishiri giram 2.6, da ɗan fotasiyam da sitiret. A duba ledar, a zuba daidai ruwan da aka rubuta. Idan babu, a haɗa lita 1 ta tsaftataccen ruwa, wato fiya wata leda 2 mai rabin lita, da sukari ƙaramin cokali 6 a shafe, da gishiri rabin ƙaramin cokali. Bayan awa 24 a zubar a sake sabo.

Kada fa a ƙara sukari don yaro ya ji daɗin sha. Idan ya yi yawa, sai ya janyo ruwa daga jiki zuwa hanji, zawon ya ƙaru. Shi ya sa lemon kwalba ba ya maye gurbin ORS. A haɗa da ƙwayar zink ta kwana 10 zuwa 14: miligiram 20 kullum, ko 10 ga jaririn da bai kai wata 6 ba. Nono kuma ba a dakatar da shi.

Wasu magunguna a wannan hanya

Laktulos, maganin bushewar ciki, sukari ne da hanjin ɗan Adam ba ya iya narkarwa, da gangan ake so ya janyo ruwa don bayan gida ya yi laushi. Akabos kuwa, da ake ba wasu masu ciwon suga, yana jinkirta narkar da sitaci da sukarin shayi, shi ya sa yake kawo iska. Wanda ke shan sa, idan sugansa ya faɗi, gulukos zalla zai sha, domin sukarin shayi ba zai yi aiki da wuri ba.

ORS ba ya kashe ƙwayar cuta, ruwan da aka rasa yake mayarwa. Idan mara lafiya ya kasa sha, ko yana ta amai, ko idanunsa sun zurma, ko akwai jini a bayan gida, ko zawon ya zama kamar ruwan wankin shinkafa, a garzaya asibiti, ana ba shi kurɓi-kurɓi a kan hanya.